Addu'ar da Nu'uman Ya Yi wa Kinuyo

Nu'uman ɗan Goggo Rabi'atu ne, ƙanwar babana, wato abokin wasana. Al'ada ta ba ni damar in tsokane shi ba tare da ya yi fushi ba, ni kuwa na yi amfani da damar nan har na wuce gona da iri. Ya girme ni da shekara shida, amma ban taɓa jin nauyinsa ba. Dogo ne, baƙi wuluk, mai tafiya a hankali kamar yana tsoron ya tashi wani daga barci. Idan ka gaishe shi sai ya ɗan jinkirta kafin ya amsa. Ni sunana Majid, ina da ɗan shagon gyaran waya a unguwar Kudai ta Makka, kusa da tashar motoci, kuma kowa ya san bakina ya fi hannuna aiki.

Kakanmu Tsoho da ƙafa ya taso daga Haɗeja, ya yi shekara tara a hanya, ya tsaya noma a Sudan, ya iso Makka da aure da goyo. Mu jikoki duk a unguwar Zahir aka haife mu. Hausarmu ta cikin gida ce, da mun taka bakin ƙofa sai Larabci. Nu'uman ne kaɗai ya riƙe harsunan biyu da kyau, shi ya sa tun yana saurayi duk lokacin aikin Hajji ake ɗaukarsa tafinta a Mina. Alhazan Kano da na Maraɗi suna son sa saboda ba ya yi musu tsawa, komai yawan tambayar da za su maimaita.

Yana da shekara ashirin da biyu babansa ya rasu. Aka kai gawar wata magsala ta sadaka, gidan wankan gawa ke nan, da ke bayan wani masallaci. Dattijon da ke wankan ya ce ɗa ɗaya ya shigo ya kama masa. Nu'uman ya shiga. Washegari ya koma ba wanda ya kira shi, daga nan kuma ya zama ɗan gida. Shekara goma sha huɗu ya yi yana haɗa ruwan magarya, yana shafa kafur, yana ɗaure likkafani, yana raka makara Harami bayan kowace salla.

Kowa na cewa aikin lada ne, amma ba wanda ke son mai yin sa ya zauna kusa da shi a wurin walima. Sau biyu ana nema masa aure, sau biyu ana jin sana'arsa a ce yarinya karatu za ta ci gaba. Ni kuma na laƙaba masa suna Kafur, saboda ƙamshin ba ya barin jikinsa ko ya yi wanka sau nawa. Idan ya shigo shagona sai in ɗaga murya in ce wa masu jira, "Kowa ya duba lafiyarsa, ga mai aunawa ya zo." Su yi dariya, shi ma ya yi murmushi. A lokacin ina ganin ba ta dame shi ba, domin hakan ya fi mini sauƙi.

Aikin ya bar masa wata ɗabi'a. Duk Bahaushe da duk Balarabe yana yi wa mamaci addu'a idan ya ambace shi, amma yawancinmu mukan manta. Nu'uman ba ya mantawa. Ko sunan wani da ya mutu shekara ɗari uku ya fito daga bakinsa, to "Allah ya jiƙansa" na biye, bai ma san ya faɗa ba.

Ni na haɗa shi da wasan da ya ci shi. Ba irin wanda ake harbi ko tseren mota ba ne. Labari ne ake karantawa a allon kwamfuta, da zanen mutanen da muryoyinsu da kiɗa a ƙasa-ƙasa, can ba a rasa ba a tsaya a ba ka zaɓi, ka shiga ɗakin nan ko ka bi mutumin can. Mutanen Japan ne suka yi shi, sunansa dogo ne, mu dai muna ce masa Tsibiri. A wani tsibirin masunta ake tsintar mutane ɗaya bayan ɗaya a mace, kowanne an jera masa takalmansa tsaf a bakin ƙofa. Labari ne mai duhu, marubucinsa ba ya tausayin kowa. A cikinsa akwai wata mata mai suna Kinuyo, ita ke gyara gawarwakin tsibirin kafin a binne, kuma mutanen garin ba sa cin abincin da ta taɓa. Tun ranar da Nu'uman ya kai wurin da ta fito ya daina jin abin da nake faɗa masa.

Fassarar Larabcin da muka samu rabi ce, wasu suka fara suka gaji. Ni da na kai inda ta tsaya sai na yi tsaki na koma harkata. Shi kuwa sai ya sayi littattafan rubutu guda goma ya hau koyon Japananci a waya. Na yi masa dariya har da hawaye. Bayan shekara uku ya fitar da fassarar wasan gaba ɗaya, tun daga farko, da Larabci mai daɗi wanda ni ban san yana da shi ba.

A nan aka kafa zauren hira a intanet, na masu son Tsibiri. Mutum wajen dubu huɗu, daga Riyad, Kuwait, Alƙahira, har Maroko. Ba wanda ya san fuskarsa ko muryarsa. Ustaz suke ce masa. Wasu na cewa malamin jami'a ne, wasu na rantsuwa a Tokyo ya yi karatu. Bai taɓa yi musu ƙarya ba, bai kuma taɓa gyara musu ba. Idan ya rubuta layi ɗaya, mutum ɗari su amsa. Na taɓa ganinsa zaune a kan benci a ƙofar magsala, hannunsa duk ya yi yaushi saboda ruwa, yana karanta saƙon wata likita da ke cewa fassararsa ce ta sa ta kuka. Fuskar da na gani ranar ban taɓa ganinta a gidanmu ba. Duk duniya zauren nan ne kaɗai ba a matsawa idan ya zauna, kuma ya san haka.

Zauren yana da doka ɗaya, shi ya rubuta ta da hannunsa. Larabawa suna kiran abin harƙ, wato ƙonawa, ka faɗa wa wanda bai karanta ba abin da zai faru a gaba. Duk wanda ya yi harƙ an kore shi har abada, ba roƙo, ba ban-haƙuri. Kada a ɗauka Nu'uman waliyyi ne. Mutumin da ba shi da iko a ko'ina, ya samu a wuri ɗaya, ya riƙe shi da ƙarfi. Akwai wani mai suna Turki, ɗan Riyad, wanda ya rubuta cewa kada a yarda da likitan tsibirin. Iyakar laifinsa ke nan. Nu'uman ya kore shi. Mako uku Turki yana aiko da roƙo, yana cewa zauren nan ne abokansa, Nu'uman ya yi kunnen uwar shegu da shi.

Kashi na farko na wasan, wanda ya fassara ɗin, ya ƙare ne Kinuyo ta shiga jirgin ruwa da wata shaida a jakarta, allo ya yi baƙi. Shekara bakwai ana gardama. Ta tsira? An kashe ta? Ko ita ce ma mai kisan? Sai ga tallan kashi na biyu ya fito, ana nuna wasiƙu da rubutun hannunta suna isowa tsibirin ɗaya bayan ɗaya. Zaure ya rikice da murna, tana da rai!

Da wasan ya fito a Japan, Nu'uman ya kawo mana labarin yadda aka karɓe shi ba tare da ya taɓa ko gefen labarin ba. Ya ce can ma mutane sun rabu biyu. Wasu sun ce marubucin bai taɓa yin aiki kamar wannan ba, wasu sun ce mugunta ce tsagwaronta, har akwai masu rantsuwar ba za su ƙara sayen komai nasa ba. Wannan ya ƙara mana ƙishirwa. Aka yi alkawari a zaure ba wanda zai leƙa ko'ina, za a jira fassarar Ustaz. Mutane suka toshe shafuka, suka daina bin abokansu. Wata goma sha ɗaya aka yi a haka. Shi kuma yana aiki bayan sallar asuba, da ɗan tsakanin da yake samu idan an fita da gawa kafin a shigo da wata.

Ni ma ina cikin masu jira, kuma na fi kowa azaba tunda ga wanda ya sani a gabana.

"Yaya," na ce masa wata rana, don sai ina neman abu nake kiransa Yaya, "wallah ba zan faɗa wa kowa ba. Bas, kawai ka ɗaga min gira. Tana da rai?"

"Ka jira, Majid."

"Ni ɗan uwanka ne fa."

"Shi ya sa ba zan ƙona maka ba. Khalas, ka jira."

Ana gobe za a saki fassarar, aka ce Ustaz ya yi hira kai tsaye da murya, a ji shi ko sau ɗaya. Ya ƙi. Ni na matsa masa. Na ce ai murya ba ta da launi ba ta da ƙamshi, ya bari su ji wanda ya yi musu wahala. Ya yarda, aka sa ranar Alhamis bayan la'asar.

Ranar ana tsakiyar zafi, gawa bakwai ya wanke tun safe. Daga Harami ya wuto shagona kai tsaye, ya zauna a kujerar baya tsakanin kwalayen gilasan waya, na miƙa masa ruwa da abin magana. Mutum dubu ɗaya da ɗari tara suka shigo saurare. Da farko yana ɗari-ɗari, daga baya ya ware. Ya yi bayanin yadda masunta suke magana daban da 'yan birni a wasan, da yadda ya nemo musu Larabcin bakin teku. Saƙonnin yabo suna ta gudu a allo, ni kuma ina karanta masa da ido, ina ɗaga masa babban yatsa. Minti arba'in komai lafiya.

Sai wata daga Kuwait ta tambaya, cikin mutanen wasan wa ya fi ba shi wahalar fassara.

Ya ce, "Kinuyo, Allah yarhamha, wasiƙunta ne suka fi ba ni wuya, domin tana rubutu kamar mai tsoron ta dami wanda zai karanta."

Ya ci gaba da magana, ya ƙara jimla biyu ko uku, bai san abin da ya yi ba. Ni na ga allon ya tsaya cak, ba saƙo ko ɗaya. Can wani ya rubuta, "Me ya ce?" Wani ya amsa, "Ya yi mata addu'ar mamaci." Daga nan saƙonni suka ɓarke, ba a iya karanta ko ɗaya saboda gudu.

Na toshe abin maganar da tafin hannuna. "Ka ce kuskuren baki ne! Ka ce wata kake nufi, ka ce gajiya ce, ka ce komai, ya akhi!"

Ya dube ni, ya dubi allon. Na ga lokacin da ya gane. Da ya yi ƙarya ɗaya tak, rabin mutanen za su yarda don suna son su yarda. Ya janye hannuna ya ce da Larabci, "Na yi kuskure. Na ƙona muku. Ku yafe mini." Da haka ya tabbatar wa wanda ma bai ji da kyau ba.

Duk kashi na biyu, awa arba'in na karatu, an gina shi ne a kan mai karatu ya yarda tana raye. Sai a ƙarshe ake gane ta mutu tun ranar da ta shiga jirgin, wasiƙun kuma ta rubuta su ne kafin nan, wani yake aikowa. Abin da mutum dubu huɗu suka toshe kunne wata goma sha ɗaya don kada su ji, sun ji shi daga bakin mai gadin ƙofar.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Shekara bakwai nake jira. Na zage shi a shagon nan zagin da ba na wasa ba, ya tashi ya fita. Washegari da hantsi sai ga saƙon Turki. Ya san ina da kusanci da Ustaz, domin na sha yin alfahari da hakan. Ya ce shi dai mamaki yake, wane irin mutum ne zai yi wa zane addu'a? Na rubuta masa, "Me kuke tsammani daga mai wankan gawa?" Ya ce ƙarya nake. Sai na aika masa hoto, Nu'uman tsaye a jikin motar magsala da rigar aiki, katin shaida rataye a wuyansa. Ba wanda ya tilasta ni. Ina so ne kawai wani ya ji zafin da nake ji, kuma na ji daɗi na kusan minti biyar.

Kafin a sauko daga Juma'a hoton ya zaga zaure. Ashe Ustaz ɗin da suke tashi tsaye dominsa takaruni ne, wato baƙar fata jikan baƙi daga Afirka, haka suka rubuta, kuma ba su tsaya nan ba. Waɗanda jiya suke cewa Larabcinsa ya sa su kuka, yau suka gano cewa dama fassarar tana da wani wari. Wasu suka ce ba yadda za a yi irinsa ya iya Japananci, na'ura ce ta yi masa. Aka yanko muryarsa daidai wurin addu'ar, aka riƙa ɗora ta a kan bidiyon waya ta faɗa ruwa, da kyankyaso a kife, da ƙungiyar ƙwallon da aka lallasa. Har yara a layinmu na ji suna kwaikwayon muryar, ba su san ta maƙwabcinsu ce ba.

Duk da haka sun sauke fassarar, ko mutum ɗaya bai ƙi ba. Suka karanta suna sane, suka dawo suna huci. Wasiƙun da aka rubuta don su sa wa mutum rai suka zame musu jan lokaci. Wani ya ce awa arba'in ya yi yana zaman jiran jana'iza. Wata ta ce marubucin mugu ne, mai fassarar kuma wawa. Wani Bamisire ne kaɗai ya rubuta cewa shi sanin ya ƙara masa nauyin kowace wasiƙa, kuma a ji tsoron Allah a kan bawan nan. Suka yi masa caa har ya goge.

Nu'uman bai kare kansa ba. Rana ta uku ya rubuta layi ɗaya, cewa doka ba ta da ɗan gida, ya cire kansa daga zauren da ya kafa. A ranar aka dawo da Turki, aka ba shi shugabanci. Na ɗauka an gama ke nan.

Rana ta tara da safe na ga wata sanarwa a zauren, farin rubutu a kan baƙi, an tsara ta daidai yadda ake tsara ta gaske. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Nu'uman ɗan wane ɗan wane ya rasu, salla bayan la'asar a Harami, zaman makoki a gidansu da ke Zahir. Cikakken sunan daga katin wuyansa suka kwafo, a hoton da na aika. A ƙasa mutane suna ta jera fuskokin dariya, kowa na rubuta "Allah yarhamu". Na gani, na ce a raina shirmen zaure ne, a nan zai tsaya. Na ajiye wayar na ci gaba da canza wa wani batir.

Bai tsaya ba. Wani ya tura wa wani, ta fita ba tare da fuskokin dariyar ba, ta faɗa rukunin 'yan unguwa, daga nan ta shiga na dangi. Nu'uman kuma yana ɗakin wanka, wayarsa a kashe a cikin akwati kamar yadda ƙa'idar wurin take. Kafin azahar mata sun cika falon Goggo Rabi'atu suna salati.

Da aka kira ni na rufe shago na kama hanya. Na tarar da ita a ƙasa, ta jingina da bango, ɗankwalinta ya zame, wata na yi mata fifita. Mace ce mai ciwon sukari, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Na durƙusa a gabanta.

"Goggo, ƙarya ce. Wallahil azim yana nan da ransa, yana wurin aiki."

Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu. "Majid, yau ma? Yau ma wasan za ka yi mini?"

"Ba wasa nake ba, Goggo."

"Tashi ka ba ni wuri. Kai ba ka san ranar da ake bari ba."

Shekara talatin ina zuba, ranar da na zo da gaskiya ba ta karɓu ba. Sai da na je magsala da kaina na buga ƙofa na fito da shi. Ya shigo gidan da rigar aiki, hannun rigar a jiƙe. Wata tsohuwa ta kurma ihu ta yi bayan kujera. Goggo ta kama fuskarsa da hannu biyu tana shafawa, sannan ta ce, "Ɗan nan, me ka yi musu?"

"Addu'a na yi wa wata, Inna."

"Addu'a? 'Yar wace ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba mutum ba ce. A cikin wasa take."

A gaban mata sama da ashirin ya faɗi haka, kuma matan Zahir ba sa barin labari ya kwana. Sai dai kafin ya zaga unguwa ya canza kama. Ba wanda ya fahimci zancen wasa da fassara. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne an ba Nu'uman amanar wani sirri, ya tona shi a gaban dubban mutane a intanet, har abin ya kai aka yi masa sanarwar mutuwa. To mai wankan gawa da amana yake cin abinci. Yana ganin abin da matar mutum ma ba ta gani ba, kuma ana so ya mutu da shi a cikinsa. Shekara goma sha huɗu ba a taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakinsa a kan jikin wani ba. Amma sai ga iyalai suna kawo mamacinsu suna jan shugaban magsala gefe, suna cewa don Allah ban da dogon nan mai sakin baki. Na farko, na biyu, na biyar. Shugaban mutumin kirki ne, bai kore shi ba. Ya mayar da shi ɗakin baya, inda ake yankan likkafani.

A can na same shi bayan wata biyu, da almakashi a hannu, farin yadi shimfiɗe a kan tebur. Na daɗe ina shirya maganar a hanya, da na zo sai ta fito a guntule.

"Yaya, hoton nan ni na aika."

Bai ɗago ba. Ya ja yadin ya auna da kamu. "Na sani. Kai ka ɗauke shi, a wayarka kaɗai yake."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

Na tsaya ina jiran ya zage ni, ko ya jefe ni da almakashin, da na samu sauƙi. Ya yanke yadin ya ninke.

"Inna ta tambaye ni wa ya ba su sunana," ya ce. "Na ce mata mutanen intanet ne. Kada ka je ka sauke mata nauyinka, ba za ta iya ɗauka ba. Juma'a ka zo cin abinci yadda ka saba."

Na ce to. Har na juya zan fita ya kira ni.

"Majid, ka karanta shi har ƙarshe?"

"A'a. Na tsaya a tsakiya."

"Ka ƙarasa. Wasiƙarta ta ƙarshe wata uku na yi a kanta. Ba wanda ya ce mini komai game da ita, ko zagi." Ya ajiye almakashin. "Ina so in ji ko ta fito a fassarar."

Na koma na sauke sabon kwafi daga zauren, don nawa na goge shi cikin fushi. Kwana huɗu ina karantawa a shago, ina sallamar masu gyara da cewa su dawo gobe. Na kai wasiƙar ranar Alhamis da rana. Shafi ɗaya ce da rabi. Kinuyo tana faɗa wa mutanen tsibirin inda ta ajiye kayan aikinta, da yadda ake ɗaga kan mamaci kada a wahalar da shi, tana ba su haƙuri cewa wannan karon sai dai su yi da kansu. Ta fito. Na rufe ƙofar shago na yi kuka kamar an mini mutuwa.

Sai sunayen waɗanda suka yi aiki suka fara hawa allo. Na jira nasa. A wurin da aka rubuta mai fassara, sunan Turki na gani, da na wasu mutum biyu da ban taɓa jin sun fassara ko gaisuwa ba. Na koma baya na sake dubawa har sau uku. Babu Nu'uman, babu Ustaz, ko a cikin waɗanda aka yi wa godiya.

Ranar Juma'a na je gidan. Goggo ta yi shinkafa da kaza, ta zauna tsakaninmu tana yi mini faɗan na rame. Nu'uman yana ɗaya gefen faranti, yana ci a hankali, yana satar kallona. Da ta tashi ɗauko ruwa ya matso ya rage murya.

"Ka kai wurin?"

Idan na ce ta fito, zai tambaye ni abin da ya biyo baya, ni kuma ba ni da ƙarfin halin da zan sake zama mai kawo masa labari. Haka na faɗa wa kaina. Gaskiyar ita ce ban taɓa yaba masa a fuska ba tunda muke, kuma bakina ya ƙi.

"Ban samu lokaci ba tukuna," na ce. "Shago ya yi yawa."

Ya gyaɗa kai. Ya sa hannu ya turo cinyar kazar ɓangarena, ya ci gaba da cin shinkafarsa.